Sankarar jini da ta kaluluwa: abubuwan da likita ke dubawa kafin ya yi hasashen yadda magani zai kaya

Tambayar farko da iyali ke yi idan an ce musu ɗansu ko mahaifinsu na da sankarar jini ita ce, "Likita, ana warkewa?" Amsa ta gaskiya ba ta samuwa a ranar farko, domin abin da ake kira sankarar jini ba cuta ɗaya ba ce. Cututtuka ne da yawa da suka yi tarayya a suna, amma halinsu ya sha bamban. Akwai wadda ke kashe mutum cikin 'yan makonni idan ba a taɓa ta ba, alhali ana warkar da ita sarai idan an kama ta da wuri. Akwai wadda ba ta warkewa, amma mutum na zama da ita shekara 10 ko fiye yana nomansa yana kasuwarsa. Akwai kuma wadda ƙwayar magani ɗaya a kullum ke danne ta.

Idan an tura ku daga Sule Tankarkar, Gumel, Maigatari ko Gagarawa zuwa Kano ko Dutse, kun dawo da takardu cike da haruffa da lambobi irin su LDH, CD20 ko BCR-ABL, a cikin waɗannan haruffan amsar tambayarku take. Ga abin da suke nufi, da dalilin da ya sa likita ba zai ce komai ba sai sun fito.

Me ake nufi da hasashe?

Alamar hasashe ita ce duk wani abu a jikin majiyyaci ko a jikin cutar da aka lura, bayan an bi dubban majiyyata shekara da shekaru, cewa yana tafiya tare da samun sauƙi ko da wahalar magani. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma aikin ke nan. Sai dai ku riƙe abu ɗaya: lissafin na jama'a ne. Idan likita ya ce 60 cikin 100 na warkewa, yana nufin cikin mutum ɗari masu irin wannan cuta da irin waɗannan alamomi, sittin sun warke. Ba wanda ya san ko majiyyacinku yana cikin sittin ɗin ko cikin arba'in. Likita ba ya sanin gaibu, ba ya kuma yanke wa kowa kwana.

To ina amfaninsa? Da shi ake auna ƙarfin maganin da za a ba mutum. Mai cuta mai sauƙi ba a ɗora masa magani mai zafi da zai illata shi a banza, mai cuta mai taurin kai kuma ba a ɓata masa lokaci da magani mara ƙarfi. Wasu alamomin ma sun fi haka: suna nuna takamaiman maganin da zai yi aiki. Waɗannan su ne suka fi cancanta a kashe musu kuɗi.

Sai an san sunan cutar

A cikin ɓargo ake ƙera jini: jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta, da ƙananan ƙwayoyi masu tsayar da zubar jini, waɗanda takarda ke rubutawa PLT. Lukimiya sankara ce ta fararen ƙwayoyi da ke tasowa daga ɓargo. Manyan nau'o'inta huɗu ne. ALL da AML masu gaggawa ne, suna kwantar da mutum cikin makonni. Ta farkon ta fi yawa a yara, ta biyun ta fi yawa a manya. CML da CLL masu tafiyar hawainiya ne. Limfoma kuwa tana tasowa ne daga kaluluwa, wato ƙullutun nan na wuya, hammata, matsematsi da cikin ciki, kuma an kasa ta gida biyu: ta Hodgkin da wadda ba ta Hodgkin ba. Gida na biyun kaɗai ya ƙunshi nau'o'i da dama.

Ƙidayar jini, wadda ake rubutawa FBC, ana yin ta a manyan asibitoci da yawa, kuma ita ke fara ɗaga tuta. Amma ba ta isa ba. Lukimiya na buƙatar ƙwararren likitan jini ya duba jinin a madubin likita, a kuma zuƙo ɓargo kaɗan daga ƙashin ƙugu. Limfoma na buƙatar a ciro kaluluwar ɗungurungum a kai ɗakin gwaji. Zuƙo ruwanta da allura ya fi arha da sauri, amma sau da yawa ba ya bayyana nau'in. Irin wannan aiki ne ke sa a tura ku Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya.

Abubuwa biyu kan lalata wannan mataki a yankinmu, kuma duka ana iya kauce musu. Na farko shi ne shan prednisolone ko dexamethasone daga kemis, ko haɗin nan na ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Waɗannan magunguna na narkar da ƙwayoyin limfoma da na ALL na ɗan lokaci. Kumburi ya saɓe, iyali su yi murna, a je gwaji a kasa ganin komai, bayan 'yan makonni cutar ta dawo da ƙarfinta. Na biyu shi ne tarin fuka. Shi ne ya fi yawan kumbura kaluluwar wuya a ƙasar nan, don haka ba laifi ba ne a fara zarginsa. Amma idan an sha maganinsa wata ɗaya zuwa biyu kumburin bai ragu ba, ko yana ƙaruwa, kada ku jira wata shida ya cika. Ku koma ku nemi a ciro kaluluwar a gwada.

Jikin da zai ɗauki maganin

Shekaru na da tasiri babba. A ALL, yaro mai shekara 1 zuwa 9 ya fi kowa samun nasara. Jariri da bai cika shekara ba da wanda ya kai shekara 10 zuwa sama ana sa su a rukunin da ke buƙatar magani mai ƙarfi. A AML da yawancin limfoma, wanda ya haura 60 ya fi shan wahala, saboda jikinsa ba ya jure kemo kamar na matashi, kuma irin cutar da ke kama dattawa ta fi taurin kai.

Likita zai kuma tambaye ku abin da kamar bai shafi jini ba: yana zuwa gona? Yana wanka da kansa? Rabin yini yake a kwance ko fiye? Da amsarku ake ba shi maki daga 0, mai cikakken ƙarfi, zuwa 4, wanda ba ya tashi daga shimfiɗa. Ku faɗi gaskiya, kada kunya ko son ƙarfafa gwiwa su sa ku ƙara masa ƙarfin da ba shi da shi.

Kafin a fara kemo dole a yi gwajin HIV da na ciwon hanta nau'in B. Wannan ba zargi ba ne. Mai HIV da ke shan maganinsa yadda ya kamata ana yi masa maganin limfoma kusan kamar kowa. Ciwon hanta nau'in B kuwa ya yawaita a Arewa, da yawa na ɗauke da shi ba su sani ba, kuma kemo na iya tayar da shi ya lalata hanta. Idan an sani tun farko, ƙwayar kariya ake bayarwa.

Lambobin gwajin jini, da tarkon da ke cikinsu

Fararen ƙwayoyin jinin lafiyayyen mutum suna tsakanin kimanin 4,000 da 11,000 a ɗigon da ake aunawa. A yaro mai ALL, iyakar da ake kallo ita ce 50,000 a ranar da aka gano cutar: ƙasa da haka alama ce mai kyau, sama da haka ana ƙara ƙarfin magani. Akan kuma ɗebi ruwan laka daga gadon baya don a ga ko cutar ta shiga wajen ƙwaƙwalwa.

LDH sinadari ne da ke fita daga ƙwayoyin jiki idan suna yawan mutuwa da sabuntawa. Hawansa na nuna cutar na da yawa ko tana gudu. Gwaji ne mai sauƙin kuɗi, kuma yana cikin mafi amfani a limfoma. Tarkon shi ne zazzaɓin cizon sauro, sikila da ciwon hanta duk suna ɗaga shi. Haka ma girman saifa, wanda ake aunawa a CML: a ƙauyukan da sauro ya yi yawa, saifa na kumbura saboda maleriya kawai. Shi ya sa lamba ɗaya ba ta yanke hukunci, kuma bai kamata ku ɗauki takarda ku tsorata kanku da ita kafin likita ya haɗa ta da sauran ba.

Limfoma: mataki da maki

Matakan limfoma huɗu ne, bisa tsarin da aka amince da shi a garin Ann Arbor na Amurka a 1971, aka sabunta shi a 2014. Mataki na 1, wuri ɗaya. Na 2, wurare biyu ko fiye amma duk a sama ko duk a ƙasa da tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Na 3, sama da ƙasa. Na 4, ta bazu zuwa ɓargo, hanta ko huhu. Idan kun ga harafin B a gaban lambar, ana nufin akwai zazzaɓi mara dalili, ko gumin dare mai jiƙa tufafi, ko ramar da ta cinye fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki cikin wata shida.

Kada "mataki na 4" ya karya muku zuciya. A sankarar mama ko ta hanta kalmar na da nauyi ƙwarai, amma limfoma daban take, domin kemo na bin jini ya tarar da ita duk inda take. Mutane da yawa sun warke daga mataki na 4.

Ga limfomar manya mai saurin yaɗuwa, wadda mafi yawanta ake rubutawa DLBCL, akwai ma'aunin IPI da aka fitar a 1993. Maki ɗaya ake bayarwa kan kowanne cikin abubuwa biyar: shekaru sama da 60, mataki na 3 ko 4, hawan LDH, rashin ƙarfin jiki daga maki 2 zuwa sama, da shigar cutar gaɓa fiye da ɗaya a wajen kaluluwa. A binciken asali, 73 cikin 100 na masu maki 0 ko 1 suna raye bayan shekara 5, masu maki 4 ko 5 kuwa 26 ne kawai. Waɗannan lambobi sun inganta bayan zuwan rituximab a 1997. Ku lura cewa uku cikin biyar ɗin, wato mataki, LDH da ƙarfin jiki, jinkiri ne ke ɓata su. Mutumin da ya zo da maki 1 a watan Janairu yana iya zuwa da maki 4 a watan Yuni, cutar kuwa ita ce dai.

Rituximab na aiki ne kawai idan ƙwayar cutar na ɗauke da wani tambari a bayanta mai suna CD20. Ana gano shi da wani rini na musamman da ake yi wa tsokar da aka ciro. Maganin na da tsada sosai, don haka a ra'ayina kuskure ne iyali su sayar da shanu ko gona su saye shi ba tare da an tabbatar da CD20 ba. Idan akwai shi, aka haɗa da kemon da ake kira CHOP duk bayan kwana 21 har sau shida, kimanin 60 cikin 100 na warkewa. Limfomar Hodgkin tambarinta CD30 da CD15 ne, kuma tana cikin sankarorin da aka fi samun nasara a kansu: inda ake da kayan aiki, fiye da 80 cikin 100.

Limfomar Burkitt ta cancanci a tsaya a kanta, domin ta yaranmu ce. Wani likitan fiɗa, Denis Burkitt, ya bayyana ta a Yuganda a 1958, kuma a cikin ƙwayoyinta aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964. Ta fi yawa a yankunan Afirka da maleriya ta yi katutu, tana kama yara musamman 'yan shekara 4 zuwa 9, maza fiye da mata. Takan fito a muƙamuƙi ko kewayen ido, haƙora su fara girgiɗi, ko ciki ya kumbura. Sau da yawa ana ɗaukarta hangum ko ciwon haƙori, a kai yaro a cire haƙorin ko a yi masa sakiya. Babu sankarar ɗan Adam da ta fi ta gudu: ƙwayoyinta na iya ninkuwa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Amma gudun nan shi ne rauninta, don kemo ya fi cin ƙwayar da ke saurin rabuwa. Tun shekarun 1960 Farfesa Victor Ngu ya nuna a Ibadan cewa magani na narkar da ita. A ƙasashe masu arziki ana warkar da kusan 90 cikin 100 na yara, a Malawi kuma an warkar da kusan rabi da magani mai sauƙi. Yaron da cutar ke fuska kaɗai ya fi wanda ta cika masa ciki samun nasara, wanda kuma ta shiga ɓargo ko laka, har ƙafafu suka shanye, shi ya fi kowa wahala. Tsakanin waɗannan matakai makonni ne kawai. Kumburin fuskar yaro da ke ƙaruwa kullum ba ya jiran a gama girbi.

Tambarin da ke cikin ƙwayar cutar

Kowace ƙwayar jiki na ɗauke da zaruruwa 46 da ake kira kuromosom, a jikinsu aka rubuta umarnin aikinta. Sankarar jini na farawa ne idan wani zare ya tsinke ya manne inda ba wurinsa ba, ko wani harafi ya canja. Wannan canji a cikin ƙwayar cutar kaɗai yake. Ba kamar sikila ba ne: ba daga uwa ko uba aka gada ba, ba a ba wa 'ya'ya, ba a ɗauka ta cin abinci tare ko ta aure.

Misali mafi girma shi ne CML. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka ga wani gajeren zare a jinin masu wannan cuta, aka sa masa sunan birninsu, Filadelfiya. A 1973 Janet Rowley ta gano cewa zare na 9 da na 22 ne suka yi musanyar guntaye. Haɗuwar tasu ke haifar da BCR-ABL, wanda ke tilasta wa ɓargo ya yi ta ƙera fararen ƙwayoyi ba tsayawa. A 2001 aka amince da imatinib, wanda aka fi sani da Glivec, ƙwayar da ke toshe BCR-ABL kai tsaye. Kafin zuwanta, yawancin masu CML ba sa wuce shekara 3 zuwa 5. Bayan zuwanta, fiye da 80 cikin 100 suna raye bayan shekara 10. A Najeriya an fara raba wannan magani kyauta a 2003 ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ƙarƙashin shirin tallafi na kamfanin Novartis da gidauniyar Max, kuma sharaɗin shiga shi ne a tabbatar da Filadelfiya ko BCR-ABL. Ku tambayi likitan jininku yadda ake shiga shirin a yanzu. A Turai CML cutar dattawa ce, a nan kuwa ta fi bayyana a 'yan shekara 30 zuwa 40, masu iyali a wuya, kuma da yawa sai saifa ta cika ciki suke zuwa. Wanda aka kama a zangon farko mai sanyi shi ke cin moriyar maganin. Idan ta rikiɗe ta koma mai gaggawa, imatinib kaɗai ba ya riƙe ta. Mace mai shan sa da ke son haihuwa ta fara shawara da likita, domin yana iya illata ɗan tayi.

A cikin AML akwai wani nau'i, APL, inda zare na 15 da na 17 suka yi musanya. Shi ya fi kowanne haɗari a makon farko saboda zubar jini ta dasashi, haɓo, ko cikin ƙwaƙwalwa, kuma shi ya fi kowanne warkewa idan an tsallake wannan mako: da maganin ATRA da arsenik, fiye da 90 cikin 100 a inda ake da su. Sauran AML ana kasa su gida uku. Musanyar zare na 8 da 21, juyewar zare na 16 da canjin NPM1 alamu ne masu kyau. Ɓacewar zare na 5 ko na 7 da lalacewar TP53 alamu ne masu tsanani, kuma masu su ne ake yi wa maganar dashen ɓargo. An fara dashen ɓargo a Najeriya a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ga mai sikila, amma har yanzu aiki ne mai tsada da wuyar samu.

A ALL ta yara, ƙwayar da zaruruwanta suka haura 50, ko wadda zare na 12 da 21 suka yi musanya, tana jin magani. Filadelfiya na iya bayyana a nan ma, musamman a manya, sai a haɗa kemo da imatinib. CLL kuwa sau da yawa ba a ma fara magani. Idan jini bai yi ƙasa ba, kaluluwa ba ta dame shi ba, sa ido kawai ake yi, kuma bincike ya nuna fara kemo da wuri ba ya ƙara kwana. Iyalai kan ɗauka an yi watsi da su ne, alhali wannan shi ne daidai.

Waɗannan gwaje-gwaje ba kowane asibiti ke yin su ba. Sau da yawa aika samfurin ake yi wani ɗakin gwaji, a jira mako biyu ko fiye. Idan kuɗi ba su isa a yi duka ba, ku yi wa likita tambaya ɗaya: "Wanne ne cikinsu zai canja maganin da za a ba shi?" Shi za ku fara yi. BCR-ABL a wanda ake zargin CML, CD20 a limfoma, da tabbatar da APL suna sahun gaba.

Yadda cutar ta amsa magani

Duk abin da aka lissafa a sama hasashe ne na ranar farko. Da zarar an fara magani, amsar cutar ta fi su ƙarfi. A ALL ana sake duba ɓargo bayan kamar wata ɗaya. Idan ɗanyun ƙwayoyin sun koma ƙasa da 5 cikin 100, an ce cutar ta lafa. Akwai gwaji mai zurfi, MRD, da ke iya gano ƙwayar cuta ɗaya cikin 10,000, kuma yaron da ba a ga komai a nasa ba yana cikin mafi kyawun rukuni ko da ya fara da alamu marasa daɗi.

A CML ana auna BCR-ABL a jini lokaci-lokaci. Abin da ake so shi ne ya sauka zuwa kashi 10 ko ƙasa a wata 3, kashi 1 a wata 6, da 0.1 a wata 12. Na'urar GeneXpert da ake gwajin tarin fuka da ita na iya yin wannan awo idan an samu kwanson gwajin da ya dace. Idan lambar ta ƙi sauka, abin da likita zai fara tambaya shi ne ko ana tsallake shan ƙwayar, domin wannan ya fi yawa a kan bijirewar cutar.

Lafawa ba warkewa ba ce. Yaro mai ALL zai murmure, ya yi ƙiba, ya koma wasa cikin wata biyu, amma maganinsa na shekara 2 zuwa 3 ne. Wanda aka dakatar a wata na uku kusan tabbas cutar za ta dawo, kuma dawowar ta fi zuwan farko wuyar magani.

Abin da ma'aunan Turai ba su ƙidaya ba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da 80 cikin 100 na yara masu sankara na warkewa a ƙasashe masu arziki, amma a ƙasashe matalauta da yawa ba su kai 30 ba. A 2018 ta ƙaddamar da shirin kai adadin zuwa 60 a duniya kafin 2030, kuma ALL, Burkitt da Hodgkin na cikin cututtuka shida da ta sa a gaba. Wannan giɓi ba daga kuromosom yake ba. Daga makara yake, da kuskuren gano cuta, da yanke magani a tsakiya, da mutuwa ta hanyar zazzaɓi ko ƙarancin jini lokacin kemo.

Daga Gumel zuwa Kano kimanin kilomita 120 ne, wanda ke ƙauyukan Sule Tankarkar ko ya tsallako daga Nijar ta Maigatari kuwa tafiyarsa ta fi haka. Don haka tun kafin allurar farko ku zauna da dangi ku yi lissafin dukan zangon, ba zagaye na farko kaɗai ba: kuɗin mota, masauki a Kano, wanda zai yi jinya, wanda zai riƙe gona idan maganin ya faɗo cikin damina. Idan kuɗin ba za su kai ba, ku gaya wa likita tun farko. Tsari mai sauƙi da aka kammala ya fi mai tsada da aka yanke a rabi. Ku kuma tanadi 'yan'uwa lafiyayyu uku ko huɗu da aka san rukunin jininsu, domin ƙarin jini zai taso, wani lokaci cikin dare.

Kwana 7 zuwa 14 bayan kowace kemo fararen ƙwayoyi ke faɗuwa ƙasa. Ku sayi ma'aunin zafin jiki ku ajiye a gida. Idan ya nuna 38 ko sama, kada a ba da paracetamol a jira gari ya waye, kada kuma a ce maleriya ce a tsaya a kemis. A tafi asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Gumel, a wannan lokacin, a gaya musu mutum na kan kemo da ranar da aka yi ta ƙarshe, a kira likitan da ke kula da shi. Haka ma idan jini ya ƙi tsayawa, ko fitsari ya ragu sosai a kwanakin farko na magani, domin ƙwayoyin cutar da ke narkewa na iya toshe ƙoda.

Ku haɗa duk takardun a jaka ɗaya: sakamakon ɓargo ko na tsoka, ƙidayar jinin ranar farko, sunayen magunguna da ranakun da aka ba da su. Ku ɗauki hotonsu a waya. Ku roƙi likita ya rubuta muku cikakken sunan cutar, matakinta da rukunin haɗarinta a takarda ɗaya, ya kuma faɗa muku ko manufar maganin warkarwa ce, ko dannewa, ko rage raɗaɗi. Tsokar da aka ciro ana adana ta a ɗakin gwaji cikin ɗan dunƙulen kakin zuma mai lamba, kuma ana iya sake yi mata gwajin CD20 ko wani daban bayan watanni ba tare da an sake yanka majiyyaci ba. Ku rubuta wannan lambar ku ajiye tare da sauran takardun.